Zafin Da Ke Fita Ta Bayan Ɗaki

Yammar da abin ya fara ba ta da wani bambanci da sauran yammaci. Rana ta sunkuya, masu walda na bakin titi sun naɗe wayoyinsu, injin niƙa ya yi tari biyu ya mutu, unguwa ta yi tsit irin na gab da magariba. Mai Ɗinki tana tsugune a tsakar gida tana alwala, amma kunnenta na ɗakin mijinta, tana jiran ƙarar da ta saba ji kullum a daidai wannan lokaci. Ba a jima ba kuwa ta ji ta: ɗan "tit" guda ɗaya, sannan injin da ke bayan ɗaki ya ɗauki gurnani. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ci gaba da wanke ƙafa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya dire a gabanta. Ta ɗaga kai tana shirin yi wa 'ya'yan maƙwabta tas, na biyu ya sauka, na uku ya biyo shi. Ta kai hannu ta taɓa na farkon, ta janye ba shiri. Dutsen da zafi rau, kamar yanzu aka tsamo shi daga murhu.

Gidan na mutum uku ne: ita, da mijinta Mai Burodi, da 'yarsu tilo mai shekara goma sha biyar, wadda ubanta ya laƙaba wa Injiniya saboda babu rediyo ko tocila da ta taɓa shiga gidan ta fita ba a kwance mata ciki ba. Wata huɗu kafin wannan yamma, tukunyar gas ta fashe a gidan burodin da mijin yake aiki. Wuta ta ci ƙirjinsa da bayansa da hannayensa biyu. Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ja Mai Ɗinki gefe ya gaya mata gaskiya: fatar da ta ƙone ba ta gumi, zafi kuma shi ne babban abokin gabar mijinta. Idan ɗaki ya yi zafi, ciwon zai jiƙe, ya yi ƙaiƙayi, ya ruɓe.

Shi ya sa abokan aikinsa suka haɗa hannu suka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, esi irin mai gida biyu. Ɗaya fari dogo a manne a saman bango daga ciki, ɗaya mai fanka a waje, an huda bango an haɗa su da bututu. Mai haɗawar ya ce bututunsa gajere ne, kuma ɓarayi sun yi yawa, don haka ya ɗora na wajen a kan bulo biyu a cikin lungun da ke tsakanin bangonsu da na maƙwabta. Lungu ne matsattse mai duhu, ko akuya ba ta shiga. Da rana wutar unguwar ba ta da ƙarfin ɗaukar esin, sai masu walda da mai niƙa sun tashi. Saboda haka Mai Burodi yakan yini da jiƙaƙƙen tawul da fankar sama yana ƙirga awoyi, magariba ce ke kawo masa rahama.

Mai Ɗinki mace ce da za ta iya warware keken ɗinki ta mayar da shi idonta a rufe, amma ɗan rimot ɗin nan tsoronsa take ji. Maɓallai birjik, ga ɗan gilashi mai nuna lamba, ga hoton ƙanƙara, da na ɗigon ruwa, da na fanka, da na rana. Ita dai jan maɓallin nan na sama ta sani. Takan tsaya tsakiyar ɗaki, ta riƙe rimot da hannu biyu, ta saita shi ga bango, ta ce "Bismillahi" da ƙarfi, sannan ta danna.

"Umma, ba fa yanka za ki yi ba," in ji Injiniya tana dariya.

"Rufe min baki. Haka aka rene ni."

Haka kuwa aka rene ta. Kakarta ba ta yarda a zubar da ruwan zafi, ko a jefa abu cikin duhu, ko a buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, ba a ambaci sunan Allah ba. Takan ce akwai bayin Allah da ido ba ya gani, su ma a ba su damar kaucewa.

Wata rana ɗinkin biki ya riƙe Mai Ɗinki a shago, Injiniya kuma tana wajen darasi. Suka dawo suka tarar da Mai Burodi yana hawaye, ga rimot a gefensa, ga hannaye naɗe da bandeji ba su iya dannawa. Daren nan yarinyar ta ɗauko ɗan littafin da ya zo a kwalin, ta yi ta bin sa layi-layi har ta gano cewa rimot ɗin yana da agogo. Ta saita shi bakwai saura kwata. Daga ranar esin ya riƙa kunna kansa, ko da mutum ko babu. Uban ya yi ta sa mata albarka, uwar ma har a shago ta ba da labari, tana cewa 'yarta ta fi mai haɗawar kansa. Kwana tara da yin haka aka fara jifa.

Washegari ma aka yi jifan, a daidai lokacin da injin ya tashi. Rana ta uku babu dutse, sai wani abu da ya fi dutse muni. Mai Ɗinki tana canza wa mijinta bandeji ta ji kuka ta cikin bango, siririn kukan yaro wanda ya gaji da kuka, irin wanda ba ya neman a zo, yana yi ne kawai don ba shi da yadda zai yi. Ta dubi mijinta, ya dube ta. Maƙwabtansu na wannan ɓangaren tsofaffi ne, ba su da ƙaramin yaro.

Rana ta huɗu tana kan sallaya ta ji ihun Mai Burodi. Ta sallame a gurguje ta faɗa ɗakin, wani hucin zafi ya mare ta a fuska. Murfin esin a buɗe, yana kwararo iska mai zafi a kan mutumin da ba shi da fata. Rimot yana kan tebur inda aka bar shi, amma hoton ƙanƙara ya ɓace daga gilashin, sai hoton rana, lamba kuma ta haye talatin. Injiniya ta shigo da gudu, ta danna maɓallin canji har ƙanƙara ta dawo, ta sauke lamba zuwa ashirin da huɗu. Tana ajiye shi, "tit", rana ta koma. Ta zare batir biyun ta riƙe su a tafin hannu, gilashin ya mutu. Suna tsaye suna kallo esin ya sake cewa "tit", zafi ya ci gaba da zuba. Sai da Mai Ɗinki ta kashe makunnin bango sannan abin ya yi shiru.

Mai Burodi bai runtsa ba daren nan. Da safe bandejin bayansa ya jiƙe sharkaf, ciwon da ya fara kamewa ya buɗe baki a wuri biyu. To, ya za a yi? Injiniya ta mayar da batir, ta sake saita agogonta, aka kira mai gyara. Ya wanke ragar da ke tace iska, ya auna gas, ya ce lafiyar esi ƙalau, wataƙila wani maƙwabci ne ke da rimot irin nasu. Ya shiga lungu duba na wajen yana fito. Bai yi minti ɗaya ba ya fito, fiton ya tsaya, fuskarsa ta canza. Ya tattara kayansa a gaggauce.

"Maman Injiniya, ki yi haƙuri," ya ce bai kalle ta ba. "Wannan ba aikina ba ne."

Injiniya kuwa taurin kan ubanta ta ɗauko. Ta ce babu na'urar da ke yin abu ba dalili, ƙila ɓera ne ya ci waya. Uwar ta hana ta zuwa lungun, ta ce to. Ranar bakwai, da uwar ta tayar da sallar magariba, yarinyar ta ɗauki tocila ta zagaya. Mai Ɗinki tana ruku'u ta ji "tit", ta ji injin ya tashi, sannan ta ji ƙara guda ɗaya da har ta mutu ba za ta manta ba.

A bakin lungun ta same ta, kwance rub da ciki, tocila na ci a gefe. Jikinta zafi kamar dutsen guga, idanunta a buɗe, ba sa ganin kowa.

Kwana uku Injiniya ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. A damatsanta wasu ƙuraje suka fito masu ruwa, irin na ƙuna, alhali wuta ba ta taɓa ta ba. Da rana tana kwance shiru kamar itace, da magariba kuwa, injin na tashi sai ta sandare, ta fasa kururuwa da wata murya ta babbar mace. Mai Ɗinki ta gwada kashe esin gaba ɗaya na kwana guda. Yarinyar ba ta dawo hayyacinta ba, mijin kuma ya kwana yana nishi. Ta rasa tudun dafawa. Ta bar shago, ta bar abinci, tana safa da marwa tsakanin ɗaki biyu, ta fifita wannan, ta shafa wa wancan ruwa. Tsoro take ji ƙwarai, tsoron cewa 'yar da ta haifa bayan shekara shida tana nema tana zamewa daga hannunta tana kallo.

Yayar mijinta ce, wadda Injiniya ke kira Gwaggo, ta zo ta ga halin da ake ciki. Ba ta zauna ba, ta juya, bayan la'asar ta dawo da wani dattijo ɗan tsurut, tabaransa ɗaure da zare. Malam Mai Tabarau ake ce masa. Bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya duba yarinyar, ya gaida Mai Burodi, sannan ya ce a nuna masa bayan ɗaki. Ya tsaya a bakin lungun ya yi sallama, ya karkata kai ya ɗan jira, kamar mai sauraron amsa. Ya dawo tsakar gida ya zauna a tabarma.

"Wa ke kunna injin nan?" ya tambaya.

"Allah gafarta Malam, shi ke kunna kansa. Yarinyar ce ta saita masa lokaci."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "To, mu jira lokacin," ya ce.

Aka shimfiɗa Injiniya a tsakar gida kusa da ƙofar ubanta, Gwaggo ta riƙe ƙafafu, uwar ta ɗora kan a cinyarta. Haske ya yi ta janyewa daga bango. Tsuntsaye suka yi shiru. Malam ya fara karatu ƙasa-ƙasa, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Bakwai saura kwata, "tit". Yarinyar ta tashi zaune cak, ta watsar da Gwaggo gefe kamar tsumma, ta juyo da fuska wajen Malam.

"Ya isa, dattijo," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Karatunka na ji. Ni ma musulma ce."

"Ke wace ce, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu. Tun kafin a aza bulon farko na gidan nan nake cikin lungun can, ni da 'ya'yana. Shekara goma sha bakwai muna zaune da matar nan, ko allurarta ban taɓa ɗauka ba. Mace ce mai ladabi. Ba ta taɓa watsa mana ruwan zafi ba ta faɗa ba."

"To, me ya kawo wannan?"

Idanun suka juyo kan Mai Ɗinki, idanun 'yarta, amma ba 'yarta ke kallon ta ba. "Da suka kawo ƙarfen nan suka girke mana a ƙofa, ban ce komai ba. Kullum da magariba sai in ji muryarki ta ramin bango, ki ambaci sunan Allah, in kwashe yara mu matsa kafin wutar ta taso. Haka muke yi. Sai ran nan na ji shiru. Babu murya, babu sunan Allah. Autana yana barci a bakin abin, fuskarsa na kallon fankar."

Muryar ta karye. Ta cikin bango siririn kukan nan ya taso, kowa ya ji shi.

"Tun daga wuya har cibiya babu fata," in ji aljanar. "Ke, duk sanyin da mijinki ke sha, kin taɓa tambayar ina zafin yake tafiya? Kanmu kuke juye shi."

Mai Ɗinki da ko ruwan wanke tukunya ba ta zubarwa sai ta yi bismillah, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa iskar bayan ɗaki ma abin faɗa ce ba. Har alfahari ta yi da na'urar da ke tashi ba bakin mutum. "Wallahi ban sani ba," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi yarinyar nan tausayin ubanta ta ji."

"Ni kuma tausayin wa zan ji? Na yi jifa, ba ku gane ba. Na juya muku shi hoton rana, don na lura idan ya hura muku zafi, mu sanyi yake huro mana. Ɗan lokacin nan kaɗai ɗana ya samu ya runtsa. Kuka kashe. Hannun da ya saita lokacin nan shi na kama, kuma ba zan sake shi ba."

Malam ya ajiye carbi. "An cuce ki, ban musa ba. Amma kuskure ne, ke kuma da gangan kika kama 'yar mutane. Kin san hukuncin wannan. Kin kuma san idan na ci gaba da karatun nan, ƙonewa za ki yi."

"Ƙona ni. An ƙona ɗana, me ya rage? Sai dai ka sani tare da ita za mu tafi."

Jikin yarinyar ya fara karkarwa, ƙurajen hannunta suka fashe, ruwa na bin gwiwar hannu. Mai Ɗinki ta faɗi gaban 'yarta ta kama ƙafafunta. "Don Allah, don Annabi, faɗi abin da kike so. Ni ki kama ni. Ni ce babba, ni ya kamata in sani."

"Me zan yi da ke? A bar shi a hoton rana, yamma arba'in, ɗana ya sha sanyi har ya warke."

"Kashe min miji za ki yi!"

"Wannan ba za a yi ba," in ji Malam. "Ba a maganin ƙuna da ƙona wani. Gobe a kira mai gyara, a sayo dogon bututu, a ɗauke injin a kai kan rufi. Ku zauna lafiya, su zauna lafiya."

"A ɗauke shi, amma ba zai tashi ba. Yaron nan ko daga nesa ya ji gurnaninsa suma yake yi. A kashe shi, kada in ji motsinsa sai bayan kwana arba'in."

"Bakwai," in ji Malam.

"Arba'in."

"Baiwar Allah, akwai majinyaci a ɗakin nan, ga tsakiyar zafi ana ciki. Goma sha huɗu."

Aljanar ta yi wata dariya mara daɗi, ta nuna Mai Ɗinki da yatsan 'yarta. "Kada ka yi ciniki da ni, dattijo. Tambayi wannan. Ita ke wanke ƙuna safe da yamma. Ta faɗa da bakinta, tsakaninta da Allah, a kwana goma sha huɗu ƙuna take rufewa?"

Duk suka juyo suna kallon Mai Ɗinki. Wata huɗu tana ɓare bandeji daga naman mijinta, ta san amsar fiye da kowa. Idan ta faɗi gaskiya, ta miƙa mijinta ga zafin da likita ya ce zai ruɓar da shi, kuma ba su da wani gida mai esi da za su kai shi. Idan ta yi ƙarya, wadda ke cikin 'yarta za ta gane. Ta dafe kai da hannu biyu.

"A ba ta arba'in ɗin."

Daga cikin ɗaki muryar ta fito, a dushe. Mai Burodi ne. Ashe duk abin da ake yi yana ji.

Mai Ɗinki ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa. Sanyin ɗakin ya daki fuskarta. Yana kwance a gefensa ɗaya mai lafiya, idonsa a kanta. "Baban Injiniya, likita fa ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Duk gidan nan ni kaɗai na san abin da yaron can yake ji. Miƙo min rimot."

"Bari in kashe maka."

"A'a. Ni na sha sanyin, ni zan kashe."

Ta ɗora masa shi a kan katifa, ta saita bakinsa ga bango. Ya ɗago hannu naɗe da bandeji, ya kai gaɓar yatsa, ya kuskure. Ya sake, rimot ɗin ya zame. Ta riƙe masa shi da hannu biyu tana kuka mara sauti. Ya ja numfashi, ya ce "Bismillahi" da duk ƙarfin da ya rage masa, ya danna jan maɓallin. "Tit." Murfin ya rufe a hankali. A bayan ɗaki gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Kukan da ke cikin bango ma ya tsaya.

Sannan Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa za ta fita, ba za ta dawo ba, ba ita ba zuriyarta. Ta rantse sau uku. Idanun suka juya wajen ƙofar ɗakin, muryar ta yi laushi.

"Mutumin nan," ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Injiniya ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin Gwaggo. Gumi ya keto mata ko'ina. Can ta buɗe ido ta ce, da 'yar muryarta ta kullum, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Kafin Malam ya tafi, Mai Burodi ya sa aka kira masa su ukun, Malam da Gwaggo da matarsa, bakin gado. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada wanda ya gaya wa yarinyar cewa agogonta ne ya jawo. Suka yi alkawari. Mai Ɗinki ta zare batiran, ta kulle rimot a aljihun keken ɗinkinta, ta rataya makullin a wuya.

Washegari rana ta yi zafi kamar da gayya. Injiniya ta yini tana barci, ba ta tuna komai ba sai cewa ta shiga lungu da tocila, aka ce mata zazzaɓi ne ya kayar da ita. Da yamma ta tashi, ta dafa bango ta shiga gaida ubanta. Bangon yamma ya gama shan rana yana amayar da ita cikin ɗakin, fankar sama tana juya zafin kawai. Mai Ɗinki na zaune a bakin gado da mafici da kwanon ruwa, tana kallon wani sabon jiƙo da ya fara bayyana a bandejin bayansa. Yarinyar ta dubi agogon bango, ta dubi esin da ke rufe, ta fara dube-dube a kan tebur.

"Abba, bakwai ta wuce bai tashi ba. Ina rimot? Ɗakin nan ai ba ya zaunuwa."

Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai. Mai Burodi ya yi murmushi, leɓɓansa a bushe, goshinsa na tsatstsafo da gumi.

"Bar shi, Injiniya. Kwana biyun nan sanyin ya fara damuna. Har cikin ƙashi nake jin sa."

"Sanyi, Abba?"

"Sanyi. Tsufa ne ya zo."

Ta tsaya tana kallon sa, tausayi ya cika mata ido. Ta juya ta fita tana bin bango. Ba a jima ba ta dawo rungume da bargonta mai kauri, ta warware shi, ta lulluɓa masa tun daga ƙugu har ƙafa, tana cusa gefe-gefen a hankali don kada iska ta shiga. Mai Ɗinki ta yunƙura za ta yi magana, ya girgiza mata kai kaɗan.

"Ya yi, Abba?"

"Ya yi," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."